Abin da Ya Kwanta a Gindin Kwalba

Zahle, Labanan
Janairu 1997

Baffa Firmin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin bana bai kama maka gwiwa kamar na bara ba. A gaishe mini da Inna Zulma, a kuma gaishe da tantabarunka, tunda na san su za ka fara faɗa wa na rubuto. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ɗan tari da iskar dutse ta sa mini. Akwatin giyar da kake aiko mini duk Kirsimeti ya iso, kwalba ɗaya ce kawai ta fashe a hanya. Na gode.

Wannan karon ni ce da aike. Fada Antun, limamin cocin nan, zai bi ta Brussels, ya yi alkawarin kwalabe shida za su kai hannunka. Giyata ce, Baffa. Na dafa ta irin ta gidanmu, mai ƙarfi, da tsiron sha'ir da sukari, sai dai da ta fara tashi na zuba mata ruwan farin inabi na gonar Tanios, mutumin da nake wa aiki a wurin matsar inabi. Da ta nuna na ba shi ya kurɓa. Ya juya ta a baki ya ce, "Ke 'yar Turawa, wannan giya ce ko ruwan inabi? Ki ce mata ta tsaya wuri ɗaya mana." Matarsa kuwa gishiri ta nema da lemon tsami za ta shafa a bakin kofi, yadda suke yi wa tasu. Sai da na ƙwace kofin.

Mutanen kirki ne, amma ba su da harshen giya. Tun rasuwar Baba, harshe ɗaya ya rage a duniya da nake jin tsoro, shi ne naka. Ka ɗanɗana, ka rubuto mini abin da ka ji ba tare da ka rufa mini asiri ba. Ka kuma faɗa mini wa ka gamu da shi a cikin kofin.

Sai maganar da ba ka so. Ka haura saba'in, Baffa. Tsohuwa, yistin da kakanmu ya bar mana, wadda ba don ita ba giyar gidanmu ruwan sha'ir ce kawai, a garwar madara ɗaya take zaune, a ɗaki ɗaya, mabuɗin kuma yana wuyanka. Ba ka taɓa ara wa maƙwabci ko cokali ba. Ranar da zan taho na roƙe ka ɗan abin da zai cika kofin shayi, ka ce Tsohuwa ba ta hawa jirgi. Ina sake roƙo. Ka bari ta zauna a wuri biyu.

Kwalbar dahuwar Baba ta ƙarshe da na ɗauke daga kanta ranar tafiyata, na san ka gani ka yi shiru. Tana nan a tsaye a kogon da Tanios ke ajiye gangunansa, ban taɓa ta ba.

'Yarka,
Lieve

Poperinge
Maris 1997

Lieve,

Mun gode Allah, muna nan. Gwiwa tana yadda kika bar ta. Innarki ta yi mura ta warke, ta ce in ce miki ki sha zuma da madara mai zafi, kamar ƙasar da kike babu zuma. Shuɗin tantabaran nan da kike cewa malalaci ne ya zo na uku a tseren tantabaru daga Faransa.

Kwalabenki sun zo. Fadan naki ya girgiza su kamar yana kaɗa ƙararrawar coci, sai da na bar su a tsaye a ɗakin ƙasa har suka natsu. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na ɗauko biyu. Achiel mai gyaran keke ya biyo ni gida, don shi hancinsa yana jin ƙarar buɗe kwalba tun daga bakin titi. Na zuba a kofin babanki mai faɗin baki, a hankali, na bar gwiɓar a gindin kwalba.

Kin ce kada in rufa miki asiri. To, ga abin da na gani.

Kalarta tsakanin zuma da busasshiyar ciyawa, kuma ta yi garau. Kumfa ta tashi yatsa uku, fara tas, amma ba ta jima ba ta kwanta. Wannan aikin inabinki ne, inabi ba ya shiri da kumfa. A hanci inabin ne ya fara yi mini sallama, sai tuffa ɗanya, sai ɓawon lemo, can ƙasa kuma zabibi. A baki tana shigowa da zaƙi, har na ce yarinyar nan alewa ta aiko mini, sai zaƙin ya janye ya bar ɗan tsami a gefen harshe da bauri irin na fatar inabi. Ɗacin furen hop da ake sa wa giya ya makara, ya zo a sunkuye kamar wanda ba a gayyata ba. Ki ƙara masa. Ƙarfinta kuwa a ɓoye yake, ba a jin sa a baki, sai ya sauka ƙirji.

Achiel ya kurɓa ya taɓe baki.

"Wannan ai giyar mata ce, Firmin. A ba 'yan mawaƙan coci."

Innarki ta ce, "To ajiye mana, tunda ta mata ce. Ga mace nan a zaune."

"A'a, bari dai in tabbatar."

Ya tabbatar har kofi biyu. Da ya tashi tafiya sau uku yana ɗaga ƙafa ya hau keken, keken yana ƙi. A ƙarshe tura shi ya yi har gida, mutumin da ya shekara arba'in yana koya wa yaran gari hawa. Innarki ta yi dariya har da riƙe ciki, kumatunta sun yi ja, ta ce in rubuta miki cewa ba ta taɓa shan abu mai daɗin wannan ba. Na rubuta, amma ki sani ita ko ruwan wankin ganga kika aiko haka za ta ce.

Giya ce mai kyau, mai tsabta. Hannunki ya faɗa. Amma kin tambaye ni wa na gamu da shi a cikin kofin. Ban gamu da kowa ba. Babu kanumfari, babu yajin masoro a maƙogwaro, babu ɗan warin nan na jiƙaƙƙen bargon doki da baƙi suke yamutsa fuska a kansa sannan su nemi ƙari. Babu gidanmu a cikinta ko kaɗan. Ki sayar da ita da sunanki ko na Tanios ɗin, kada ki sa namu.

Maganar Tsohuwa kuwa, na ba ki amsa tun kina tsaye da akwati a tsakar gida. Mai son ta ya zauna inda take, ya tashi da sassafe ya kwashe ta daga kan dahuwa, ya wanke garwa da hannunsa. Babanki haka ya yi har ya mutu. Ke kika zaɓi rana da inabi. Ba na aika uwar gida a cikin kayan fada.

Baffanki,
Firmin

Zahle
Afrilu 1997

Baffa,

Na ji kuna lafiya, madalla. Tarina ya tafi.

Na karanta takardarka har na haddace. Kumfa ka auna da yatsa, ɗaci ka ce ya makara, duk na karɓa. Amma ka ce babu gidanmu a cikinta? Da ka fito fili ka ce ni ce babu gidanmu a cikina, da ya fi mini sauƙi. Ba inabi ya kai ni Labanan ba, kai ma ka sani. Baba bai yi wata uku a ƙasa ba ka canja kwaɗon ɗakin Tsohuwa, ɗakin da nake shiga tun ban kai tsayin garwar ba. Zaman me zan yi?

Harshenka ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai a kaina. Ka gaida Inna. Ba sai ka wahalar da kanka da amsa ba.

Lieve

Poperinge
Satumba 1997

'Yata Lieve,

Innarki ce Zulma. Ki yi haƙuri da rubutun, tabarau ɗina sun tsufa. Ina fatan kina cin abinci. Tun takardarki ta Afrilu ba mu ji ɗuriyarki ba, shi ma bai rubuta ba, ni kuma kun bar ni a tsakiya ina kallon mai kawo wasiƙa yana wucewa.

Bai ce in rubuto ba. In ya sani zai yi kwana biyu bai ci girkina ba.

A watan Yuli baffanki ya faɗo daga tsanin ɗakin tantabaru, ƙugu ya karye. Ana sa shi a motar asibiti na ce, "Firmin, ba ni mabuɗin nan."

Ya dafe wuyansa ya ce, "Ki bar mini abuna. Kwana biyu zan yi."

Da na je duba shi na sake cewa, "Mutumin nan, ana zafin da ba a taɓa yi ba. Ka faɗa mini abin da ake ba ta in ba ta. Na raini 'ya'yan mutane, yisti ne zai gagare ni?"

Ya ce, "Ke da ko miyar albasa sai kin ƙona?"

A gaban masu jinya ya faɗa, suka yi ta dariya, ni ma na taya su don kada a ga fuskata. Kwana biyun nan sai da suka zama wata guda da ɗoriya, don ciwon ya yi ruwa. Ashe injin sanyin ɗakin ya tsaya, ba wanda ya sani, ƙofa a kulle.

Ranar da aka sallamo shi ko zama bai yi ba, da sanda biyu ya ja jiki zuwa ɗakin. Ina bayansa. Ya ɗaga murfin garwar, wari ya buge mu kamar na ruɓaɓɓen kabeji, samanta duk ya yi gashi kore da baƙi. Ya kwashe saman, ya ɗebi na ƙasa, ya ba ta ruwan tsiro mai ɗumi, ya zauna a kan kujera yana jiran ta motsa. Ya yi haka har sau nawa ban ƙirga ba. Abin da ya tashi a ƙarshe ya dafa ƙaramar tukunya da shi, ta fito tsami kamar ruwan tsamiya da lemo. Da hannunsa ya buɗe famfo ya tura ta kwata.

Tsohuwa ta mutu, Lieve. Achiel ya zagaya gidajen giya na kusa ko wani ya taɓa samun ɗan ragowa, kowa ya ce ai Firmin bai taɓa ba su ba. Wani ma cewa ya yi a gaishe shi da ƙoƙari.

Yanzu yana zaune a tsakar gida yana kallon tantabaru daga ƙasa, mabuɗin yana nan a wuyansa. Ni haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya hana ni sakat. Ki rubuto masa ko layi biyu ne.

Innarki,
Zulma

Zahle
Oktoba 1997

Baffa Firmin,

Sannu da jiki, sannu. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa ƙashin ya haɗe da kyau. Takardar Inna sai da ta yi yawo kafin ta same ni, muna tsakiyar tsinkar inabi. Kada ka yi mata faɗa. Na karanta a tsaye a cikin gona, na yi kuka, sannan na kama dariya har Tanios ya ce rana ta taɓa ni.

Baffa, Tsohuwa ba ta mutu ba. Tana nan wurina.

Ka hana ni kofin shayi, amma duk Kirsimeti kana aiko mini da ita da hannunka ba ka sani ba. Gwiɓar nan da ke kwanciya a gindin kowace kwalba, Baba ya koya mini yadda ake tashinta tun ina makaranta. Na tara ta kwalba shida, na ba ta ruwan tsiro cokali cokali, na lulluɓe ta da rigar sanyina, har ranar da na ga kumfa ta taso. Shekara biyu ke nan ina ciyar da ita a kogo, duk ɗauke wutar garin nan bai taɓa ta ba. Da ita na dafa giyar da ka ce babu gidanmu a ciki. Yanzu ka gane abin da ya sa maganar ta yi mini ciwo.

Na yafe, kai ma ka yafe mini satar. Ƙanwar Tanios za ta taso jibi, na cika mata kwalba mai faɗin baki, na naɗe da ƙanƙara, ta rantse a cinyarta za ta riƙe har Brussels. Ka sa Achiel ya tarye ta. Ka wanke garwa, Baffa. Ashe dai Tsohuwa tana hawa jirgi.

'Yarka,
Lieve

Poperinge
Nuwamba 1997

Lieve,

Jiki da sauƙi, na koma sanda ɗaya. Innarki lafiya. Saƙonki ya iso da sanyinsa, ki yi wa matar godiya, ta sha ɗawainiya.

Innarki ta sa rigar coci don a buɗe kwalbar. Achiel ya cire hula. Na buɗe na kai hanci, duk da na san abin da zan ji tun kafin in karanta takardarki har ƙarshe.

Achiel ya ce, "To? Ita ce?"

Na ce su ba ni wuri.

Lieve, wannan ba Tsohuwa ba ce. Garin yisti ne na fakiti, wanda nake saya a kanti a garin Ieper. Lafiyayye ne, kin kula da shi fiye da yadda ya cancanta, amma ba shi da uwa ba shi da uba. Don haka ma na zaɓe shi, ba ya ƙara wa giya komai sai kumfa.

A zamanin babanki, da Tsohuwa a ciki ake rufe kwalba, gaskiya ne. Shekarar da kika tafi na daina. Na san wanda ya koya miki tashin gwiɓa, ina tsaye a wurin ranar da ya koya miki. Tun daga lokacin, in giya ta nuna sai in tace ta har ba ƙwayar Tsohuwa ko ɗaya, sannan in barbaɗa na fakiti in toshe. Ba naki akwatin kaɗai ba, kowace kwalba da ta fita ƙofar gidan nan, don kada ki sa wani ya saya miki a kanti. Manyan gidajen giya haka suke yi saboda ɓarayi. Ni ɓarawo ɗaya nake tsoro.

Da na ɗanɗana giyarki a watan Maris, kurɓar farko na gane abin da kika yi da abin da kika samu. Ban yi miki ƙarya ba, abin da ke cikin kofin na faɗa. Har daɗi na ji a raina cewa dabarata ta ci. Ga shi ta ci ɗin.

Na sauka ɗakin ƙasa na bi kwalabe ɗaya bayan ɗaya ko akwai ta zamanin babanki. Babu. Mun shanye su a taron cikarsa shekara da rasuwa, ragowar na sayar wa wani Bajamushe.

Saura ɗaya a duniya, wadda kika ɗauke daga kanta. Kin ce tana tsaye a kogo mai sanyi. Giya mai ƙarfi tana riƙe yisti da rai shekaru, na ga an tashi wadda ta fi wannan tsufa. Kada ki ba fada, kada ki ba ƙanwar kowa. Ki tashe ta da kanki yadda ya koya miki, ko ki ɗauko ta ki taho. Na cire mabuɗin, yana rataye a ƙusa a bakin ƙofar kicin inda kowa zai iya ɗauka. Ban iya roƙo ba, kin sani. Wannan shi ne iyakar abin da na iya.

Baffanki,
Firmin

Zahle
Janairu 1998

Baffa,

Na ji ka koma sanda ɗaya, Allah ya raba ka da ita ma. A gaishe da Inna. Ni lafiya. Na daɗe ban amsa ba don duk takardar da na fara sai in yage.

Takardarka ta watan Maris, wadda ka ce babu gidanmu a cikin giyata, ita ta sa ni shiga kogo tun a lokacin. Na ce bari in kafa shaida tsakanina da kai. Na ɗauko kwalbar Baba da tawa, na jera kofi biyu a kan ganga. Ban ji tsoron buɗe ta ba. Me zan ji wa tsoro, tunda ga Tsohuwa can a kusurwa tana numfashi a cikin rigar sanyina? Shekara huɗu ina tattalin kwalbar nan, ranar na ga ba ta da sauran aiki sai a sha.

Tunda kana son bayanin ɗanɗano, ga nawa. Ta yi duhu kamar shayin da aka manta a buta. Kumfa kaɗan ce, amma ta riƙe gefen kofi har ƙarshe. Kanumfari ya fara zuwa, sai busasshen ɓaure, sai masoro ya kama ni a maƙogwaro. Warin bargon dokin yana nan. Da na rufe ido sai ga tsakar gidanmu da safe, Baba yana wanke garwa yana waƙar da bai iya ba. Na kurɓi tawa a bayanta, na ji inabi da tuffa da tsabta, ba kowa a ciki. Harshena ya faɗa mini abin da naka ya faɗa maka. Na ce masa ya yi shiru, inabi ne ya rufe ta, baɗi zan rage.

Da na zo gindin kwalbar na juya ta yadda Baba yake yi, na zuba gwiɓar a kofi na shanye, don yana cewa maganin ciki ce. Matar Tanios ta ga kwalba mai kauri ta ce asara ne a yar. Ta wanke ta da tafasasshen ruwa. Man zaitun ne a cikinta yanzu, tana kan teburinsu.

Da ka rubuto layi ɗaya a watan Maris ka ce, yarinya, abin da kike ciyarwa na kanti ne, da kwalbar nan tana tsaye a inda take. Ka zaɓi ka ji daɗi a ranka. Ni ma da na saurari harshena da na bar ko yatsa ɗaya a gindinta. Na faɗa wa kaina wannan, ba sai ka faɗa mini ba.

Ka mayar da mabuɗin wuyanka, kada ya yi tsatsa a ƙusa. Akwatin Kirsimeti bai zo ba bana, ban kuma sa ido ba. Yistin da na aiko maka kuwa ka riƙe, ba sai ka dawo da shi ba. Naka ne, kai ka saye shi.

Lieve